Yadda ake farfaɗo da gonar da ta gaji ta hanyar ciyar da halittun cikin ƙasa

Duk wanda ya tashi a karkara ya san ƙamshin nan da ke tashi idan ruwan fari ya sauka a kan busasshiyar ƙasa. Mukan ce ƙamshin ƙasa ne, amma yashi da laka ba su da ƙamshi. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, dangin bakteriya da masana ke kira Sitireftomaisis, suke fitar da shi. Daga wannan dangi ne aka samo allurar sitireftomaisin a Amurka a 1943, maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Cokali ɗaya na ƙasa mai rai yana iya ɗauke da halittu fiye da yawan mutanen duniya, kuma su ne ke mayar da kara da kashin dabbobi su zama abincin shuka.

Idan manomi ya ce gonarsa ta gaji, ko ta mutu, sau da yawa abin da ya faru shi ne waɗannan halittu sun ragu, nau'o'insu sun ƙaranta, saboda an yi shekaru ana kwashe komai daga gonar ba a mayar musu da abin ci ba. Nau'in yana da muhimmanci kamar yawan, domin aikin a rabe yake. Bakteriya ne ke fara cin abu mai laushi irin ɗanyen ganye da kashi. Fumfuna, wato farin zaren nan da kake gani a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, ita ke iya narkar da abu mai tauri kamar kara da itace. Akwai masu kamo sinadarin naitirojin daga iska su ba wake da gyaɗa. Akwai masu shiga cikin saiwa su miƙa zare can nesa su ɗebo mata ruwa da sinadarin fosfaras. Akwai waɗanda abincinsu bakteriya ne, idan sun ci su fitar da ragowar naitirojin a gindin shuka. Sama da su ga gara da tana da gwazarma, masu huda ƙasa iska da ruwa su shiga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan rukuni ɗaya ya ɓace, aikinsa ya tsaya, kuma masu sa cuta su sami fili, tunda babu mai yi musu kishiya.

Aikin da zan bayyana yana farawa ne daga kaka, da zarar an gama girbi, ya zagayo har wata kakar.

Mataki na 1: Fara da duba gonar

Kafin ka kashe ko sisi, ka ɗauki fartanya ka zagaya. Ka zaɓi wuri uku: inda amfani ya fi kyau, inda ya fi lalacewa, da kuma gindin wata bishiya ko bakin shinge inda garma ba ta taɓa shiga ba. Wannan na ukun shi ne ma'auninka, shi ke nuna maka yadda ƙasar take kafin a gajiyar da ita.

A kowane wuri ka haƙa zurfin taƙi ɗaya, kimanin santimita 20. Dubi launi: ƙasa mai rai ta fi duhu. Shinshina ta bayan ka yayyafa mata ruwa. Idan ka ji ƙamshin ruwan fari, da sauran rai. Idan warin ruɓaɓɓen ƙwai ko tsami ka ji, ruwa na kwanciya a wurin, iska ba ta shiga.

Sai gwajin hoge. Ɗauki busasshen hoge kamar girman goro daga kowane wuri, ka sa a hankali cikin kofin gilashi mai ruwa. Wanda ya tarwatse nan take ya dama ruwan, ba abin da ke riƙe da shi. Wanda ya jiƙa amma ya tsaya a dunƙule, zaren fumfuna da yauƙin da bakteriya ke fitarwa ne suka ɗaure shi. Tsantsar jigawa ba ta yin hoge sosai, don haka wannan gwaji ya fi aiki a ƙasar da ke da ɗan laka.

Na ƙarshe, samu gwangwanin tumatir babba, ka cire samansa da ƙasansa, ka kafa shi cikin ƙasa zurfin yatsa biyu, ka zuba kofi ɗaya na ruwa, ka duba agogo. Rubuta mintunan da ruwan ya ɗauka kafin ya shige. Ka adana takardar, za ka neme ta baɗi.

Mataki na 2: Daina ƙona gona, ka rufe mata jiki

Na san dalilin da ya sa ake ƙonawa. Sharar gona tana sauri, toka tana ba da ɗan ƙarfi a shekarar, kuma ana tsoron tsutsar da ke kwana a cikin kara. Amma idan wuta ta ci, naitirojin ɗin da ke cikin karan hayaƙi yake bi ya tafi, abincin da fumfuna da gara za su ci wata shida ya ƙare cikin rabin sa'a, ƙasar kuma ta rage tsirara. A watan Maris da Afrilu tsirarar ƙasa takan yi zafin da ba ka iya taka ta ba takalmi. Abin da ƙafarka ba ta jurewa, halittun da ke saman ƙasa ma ba sa jurewa. Ga iskar hunturu da guguwar bazara suna kwashe lallausar ƙasar sama, wadda ita ce ta fi rai.

Ba na cewa a bar kara duka a gona, domin ana bukatarsa: abincin dabbobi, danni, zana, girki. Abin da nake roƙo shi ne a raba. Karmami da harawa su tafi gida wa dabbobi, su dawo a matsayin taki. Tushiya kuwa a bar ta a inda take, kada a tumɓuke, saiwarta gidan halittu ce. Daga cikin karan ka ware ko da kashi ɗaya cikin uku, ka sassare shi ka shimfiɗa, ka fara da wuraren da suka zama fako. Karan da tsutsa ta yi wa yawa shi za ka kai ramin taki, zafin can zai gama da ita.

Gara za ta zo, kuma zuwanta ake so. A kan fako, inda ruwa ke gudu kamar a kan siminti, gara ce ke huda ramuka ta shigar da kara ciki, ruwan sama ya bi sawunta. Gara ta fi far wa shuka mai rai idan ta rasa busasshen abin ci ko shukar ta sha fari.

Mataki na 3: Haɗa takin rami

A nan zan daɗe, domin a nan ake kiwon halittun da za a kai gona. Manoman kewayen Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma gona ɗaya duk shekara ba hutu, abin da ya riƙe su shi ne taki da suke ɗaukowa a mangala bisa jaki daga gida da cikin birni. Ilimin ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da ya lalace shi ne yadda ake ajiye takin: a tara kashi a rana wata biyar, ya bushe ƙayau, ƙarfinsa ya tafi da iska, sannan a watsa shi a gona.

Haƙa rami a inuwa, kusa da ruwa. A ƙasarmu mai zafi rami ya fi tsibi riƙe laima. Tsawo mita 2, faɗi mita 1 da rabi, zurfi zuwa cinya. Idan da hali ka haƙa biyu gefe da gefe, don juyawa daga wannan zuwa wancan.

Kayan haɗi iri biyu ne. Busassu: kara da aka sassara, ƙaiƙayi, buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, busasshen ganye, sharar tsakar gida. Masu ƙarfi: kashin shanu, na awaki da tumaki, na kaji, ɗanyar ciyawa, ragowar kayan miya, da turɓayar turke wadda ta sha fitsarin dabbobi. Wannan turɓaya mutane na raina ta, alhali kaso mai yawa na naitirojin ɗin da dabba ke fitarwa a fitsari yake. Busassun su ne tuwon halittun, masu ƙarfin su ne miya. A ƙiyasi, kwando biyu zuwa uku na busassu ga kwando ɗaya na masu ƙarfi. Kuma ka yawaita iri. Ramin da aka zuba wa abu goma ya fi wanda aka zuba wa abu biyu tara halittu daban-daban, tunda kowa da abin da yake ci.

Ga yadda ake jerawa. A ƙasan ramin ka shimfiɗa kara mai kauri don iska ta sami hanya. Bisa shi busassun kaya taƙi ɗaya, ka jiƙa su sosai. Sai kashin dabbobi kaurin yatsa huɗu. Sai ka barbaɗa ƙasa cikin tafi biyu ko uku, wadda ka ɗebo daga gindin gawo ko wani tsohon juji mai kyau. Wannan ƙasa ita ce iri, kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara. Toka kaɗan, barbaɗe kawai. Idan ta yi yawa, musamman a kan kashin kaji, tana korar naitirojin ya fita da wari. Haka za ka yi ta maimaitawa har ramin ya cika ya yi tozo. Ka soka dogon sanda a tsakiya har ƙasa, ka rufe saman da ciyawa ko tsofaffin buhunan algarara.

Kada ka sa leda, batir, gilashi, ko ƙasar da man inji ya zuba a kai. Idan daga bolar gari ka ɗebo, sai ka tace ta da kyau, domin bolar yau ba irin ta zamanin kakanninmu ba ce. Kashin kare da na kyanwa da bayan gidan mutum su ma ba su da wuri a wannan rami.

Laima ita ce sirrin. Damƙi kayan a hannu ka matse. Idan ruwa ya zubo, ya yi yawa, ƙara busassu. Idan ka buɗe hannu ya wargaje, ya bushe, ƙara ruwa. Daidai shi ne ya dunƙule, tafinka ya yi damshi, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu.

Bayan kwana uku zuwa biyar, zare sandan ka taɓa. Ya kamata ka ji shi da zafi. Zafin nan numfashin bakteriya ne da ke cin abinci, kuma a rami mai kyau yakan kai digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Idan sandan ya fito da sanyi kuma a bushe, ruwa ya yi kaɗan. Idan da sanyi kuma a jiƙe, kayan ƙarfi ne suka yi kaɗan, ƙara kashi. Idan warin fitsari ya buge ka, kashi ya yi yawa. Idan ɗoyi ne, iska ce babu, juya shi.

Duk mako biyu zuwa uku ka juya, na gefe ya koma tsakiya, na sama ya koma ƙasa, kana yayyafa ruwa inda ya bushe. A juyi na biyu za ka ga wani fari-fari kamar toka ya bi jikin karan. Kada ka tsorata, masu ƙamshin ruwan fari ne da fumfuna suka karɓi aiki daga masu son zafi. Daga baya, idan ya huce, gwazarma da ƙananan ƙwari su shigo. Wato ramin da kansa yana canja ma'aikata sau uku ko huɗu kafin ya nuna. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙi, mai laushi, mai sanyi, ba ka gane me aka zuba. Idan kana shakka, cika ƙaramin gwangwani da shi ka shuka ƙwayar wake goma. Idan suka fito lafiya da koren ganye, ya nuna.

Wanda bai nuna ba kada ka binne shi a gindin shuka. Halittun da ke kan cin sa za su ja naitirojin ɗin da ke ƙasa su yi amfani da shi, sai ka ga masara ta yi rawaya alhali ka zuba taki. Haka garin katako daga wurin masu yanka yake yi idan aka binne shi ɗanye. Masu lambu kuma su kula, ɗanyen kashi ba ya zuwa kusa da latas, kabeji ko karas da za a ci ba dafawa. A wanke hannu da sabulu bayan aikin taki.

Idan makiyaya na sauka a yankinku da rani kuma akwai fahimtar juna, shanu su kwana a gonarka, ana matsar da makwancin duk bayan 'yan kwanaki. Ta nan kashi da fitsari duka suna shiga ƙasa, ba ɗauka ba dako.

Mataki na 4: Sa takin inda zai yi aiki

Taki ba ya isa, kowa ya sani. Don haka kada ka watsa shi a fili rana ta ƙone shi. Ka sa shi a ƙarƙashin ƙasa, daidai inda saiwa za ta bi. A gona mai kunya, zuba shi a cikin kwari kafin huɗa, garma ta rufe shi.

A fako kuwa, tassa ce magani, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa da taki. A Burkina Faso ana kiranta zayi, kuma wani manomi na yankin Yatenga, Yakuba Sawadogo, shi ya yi suna wajen inganta ta tun wajen 1980, har aka ba shi babbar lambar yabo a Suwidin a 2018. Manoman Illela da ke jihar Tawa a Nijar sun je sun gani da idonsu a ƙarshen shekarun 1980, suka dawo suka farfaɗo da filayen da aka riga aka sallama. Da rani ake haƙa ta: faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tazarar babban taku ɗaya. Ƙasar da ka fitar ka tara ta a gefen gangare, ta tare ruwa. A kowane rami ka zuba taki cikin tafi biyu, ka ɗan rufe da ƙasa. Idan tazarar mita ɗaya ce, kadada tana cin rami 10,000, idan kowanne ya sami giram 300, tan 3 ke nan. Aiki ne mai cin jiki, shi ya sa ake yin sa da gayya ko a ɗauki yanki-yanki duk shekara. Iska za ta ƙara zubo ganye da turɓaya a ramukan, gara ta huda ƙasansu, ruwan fari ya taru ya nutse. Bayan ruwa mai kyau sai ka shuka gero ko dawa a ciki. Tassa ba ta dace da tsantsar yashi ba, ramin rushewa yake, kuma ba ta dace da inda ruwa ke kwanciya ba.

Mataki na 5: Wake, gyaɗa da waken soya

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska, amma wasu bakteriya da ake kira raizobiyam suna iyawa. Sukan shiga saiwar wake da danginsa su yi ƙananan ƙulle-ƙulle, shukar ta ba su sukari, su ba ta naitirojin. Iyayenmu da ke gicciya wake a tsakanin gero da dawa wannan ciniki suke ci, ko da ba su san sunansa ba.

Ka gwada da kanka. Mako biyar zuwa shida bayan shuka, gab da fure, haƙo tushe biyu ko uku da fartanya, kada ka fizge. Wanke saiwar a ruwa, ka fasa ƙulli ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne kamar nama, yana aiki. Idan fari ne, ko bai fara ba ko ba ya yin komai. Idan kore ne ko baƙi, ya tsufa. A kula da wani abu mai kama da shi: ƙullin kirki a gefen saiwa yake maƙale, kana ture shi ya ɓalle. Idan saiwar ce da kanta ta kumbura ta yi gaɓa-gaɓa, kamar yadda ake gani a tumatir da kuɓewa, wannan cuta ce ta wasu 'yan mitsi-mitsin tsutsotsi, kuma alama ce a canja abin da ake shukawa a wurin.

Wake da gyaɗa yawanci suna samun abokan cinikinsu a ƙasarmu. Waken soya baƙo ne daga gabashin Asiya, sau da yawa nasa ba sa nan da yawa, musamman a gonar da ba a taɓa shuka shi ba. Shi ya sa cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan take yin wani baƙin gari mai suna NoduMax, wanda bakteriya ne masu rai. Yadda ake amfani da irin wannan gari: zuba iri a roba a inuwa, ka ɗan jiƙa shi da ruwan ƙaro ko ruwan sukari don ya yi danƙo, ka barbaɗa garin gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ledar, ka gauraya a hankali har kowace ƙwaya ta yi baƙi. Bar shi ya sha iska a inuwa kaɗan, ka shuka a ranar, a ƙasa mai laima. Abu ne mai rai, rana na kashe shi. Kada ka sayi wanda aka shanya a rana a kasuwa ko wanda kwanan watansa ya wuce, kuma na waken soya ba ya yi wa gyaɗa aiki.

Dangin wake suna bukatar fosfaras kafin ƙullin ya yi kyau, don haka sufa, takin zamani mai fosfaras, ita ce takinsu. Idan ka cika musu yuriya, sai su daina ciniki da bakteriyan tunda sun samu a banza. Wajen girbin wake, yanke shi daga sama ka bar saiwar a ƙasa. Baɗi hatsi ya hau wurin.

Mataki na 6: Kula da zaren da ke cikin saiwa

Akwai wata fumfuna da masana ke kira maikoraiza, wadda ke zama a saiwar kimanin kashi 80 cikin 100 na nau'o'in tsirrai, har da gero, dawa, masara, rogo da albasa. Zarenta ya fi gashin saiwa siranta nesa ba kusa ba, yana shiga inda saiwa ba ta kaiwa ya ɗebo fosfaras, sinadarin da ya yi ƙaranci ƙwarai a jigawarmu.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki a duk wannan ilimi. Idan dawa ta ji yunwar fosfaras, saiwarta takan saki wani sinadari a ƙasa don kiran wannan fumfuna. Irin wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, yana kwance a ƙasa shekara da shekaru yana jiran wannan kira ɗin. Da ya ji, sai ya tsiro ya kama saiwar. Wato gwargwadon yunwar shuka, gwargwadon kiran da take yi, gwargwadon wuta-wutar da ke amsawa. Shi ya sa take cika gonar da ta gaji, take raguwa inda aka zuba taki. Waken soya, gyaɗa da auduga suna sa irin wuta-wutar hatsi ya tsiro amma ba ya iya kama su, sai ya mutu. Ka haɗa da tuge ta da hannu kafin ta yi iri, domin tushe ɗaya na zubar da dubban ƙwayoyi. Waɗanda ka tuge kada su shiga ramin taki.

Abin da ke kashe wannan zare abu uku ne: yawan kaftu mai zurfi da ke tsinka shi, barin gona ba saiwa mai rai na dogon lokaci, da shuka abu ɗaya shekara bayan shekara. Idan tarakta ta shiga bana, ba dole ta shiga baɗi ba. Kada kuma a shigar da ita ƙasa tana caɓi, tana danne ta iska ta kasa shiga.

Mataki na 7: Bar itatuwa su tashi

Wata bakwai ko takwas na rani babu saiwa mai rai a gona sai ta itace. A gindinsu halittun ke fakewa har damina ta dawo. Gawo ya fi kowa: dangin wake ne, yana zubar da ganye da damina don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, da rani kuma dabbobi na hutawa a ƙarƙashinsa suna barin taki. Dubi geron gindin gawo ka gwada shi da na fili, gani ya kori ji. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram sun sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo.

Ba sai ka dasa ba. A jihar Maraɗi tun 1983 aka fara yaɗa abin da ake kira sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya yi aiki a kansa tare da manoma, kuma ya bazu a kimanin kadada miliyan 5 a Nijar. Wajen sassabe, maimakon ka sare tohon kututture duka, zaɓi reshe biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran, ka aske rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi kana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Sabara da kalgo ma kada ka tone su. Binciken da aka yi a Senegal ya nuna saiwarsu na jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi da dare ta saki wani a sama, kuma halittu sun fi yawa a kewayensu. Daddatse su farkon damina, ka shimfiɗa ganyen a wurin.

Mataki na 8: Takin zamani da maganin feshi

Ba na cikin masu cewa a bar takin zamani. Ƙasarmu tana da ƙarancin fosfaras tun asali, halittu kuma ba sa ƙirƙiro abin da babu. Amma takin zamani shuka yake ciyarwa, ba ya ba halittun abin ci, kuma yuriya ita kaɗai shekara da shekaru tana sa ƙasa tsami. A haɗa shi da na gargajiya, kaɗan ya yi aikin mai yawa. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta gwada sa kimanin giram 6 na takin kamfa, cikin marfin kwalbar lemo, a kowane ramin shuka. A rami 10,000, kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ƙari. Ka sa shi a gefe, kada ya taɓa iri, ka rufe. Yuriya kullum a binne ta a ƙasa mai laima, idan aka bar ta a sama iska ke shanye ta.

Maganin feshi a yi shi idan an ga ɓarna, da ma'aunin da aka rubuta. Ragowar da ke cikin famfon feshi kada a juye ta a gona ko kusa da ramin taki.

Masu masara da gyaɗa su san da Aflasafe, shi ma na IITA. Akwai fumfunar da ke sa wa hatsi gubar da ke lalata hanta. Aflasafe 'yan'uwanta ne marasa guba da aka ɗora a kan ƙwayar dawa. Ana watsa kilo 10 a kadada mako biyu zuwa uku kafin fure, su riga masu gubar kama wuri. Kwalaben da ake tallatawa a kasuwa da sunan ruwan ƙwayoyin halitta kuwa, ka gwada a kunya biyar tukuna, ka bar biyar a gefensu ba ka sa ba, girbi ya raba gardama.

Masu noman rani, ku ba ƙasa ruwa ta sha sannan ku bar ta ta yi numfashi. Idan ruwa ya kwanta kwana da kwanaki a fangalin tumatir ko albasa, masu bukatar iska suna mutuwa, wasu bakteriyan kuma su mayar da takin da ka saya ya zama iska ya tashi.

Mataki na 9: Sake aunawa

Kada ka ɗauki gonar duka a shekarar farko. Ware kashi ɗaya cikin huɗu, wanda takinka zai isa, ka yi masa duk abin da aka faɗa, sauran ka noma yadda ka saba. Da tsakiyar damina ka binne tsumman auduga zalla, tsohuwar farar riga ta isa, guda a sabon yankin guda a tsohon, zurfin yatsa biyar, ka kafa alama. Bayan mako shida zuwa takwas ka tono. Inda tsumman ya fi cinyewa, nan halittu suka fi aiki.

A shekarar farko abin da za ka fara lura da shi shi ne laima: idan ruwa ya ɗauke na kwana goma, yankin da aka gyara ya fi jinkirin yaushi. Duhun ƙasa da raguwar wuta-wuta sukan ɗauki shekara uku ko fiye. Da kaka ka ƙirga damin kowane yanki daban, ka ɗauko gwangwanin nan da takardar bara, ka koma wurare ukun ka sake zuba ruwa ka duba agogo. Sannan ka matsa zuwa kashi na biyu, ka buɗe sabon rami tun kara bai gama bushewa ba.